INA JIRGI ZAI KWANA?

A wannan mako filin namu zai gangara bakin Kogin Binuwai ne, domin mu duba wata magana wadda ake yawan tsallake ta duk lokacin da aka tashi zancen haɗarin jiragen ruwa a ƙasar nan. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedkwatarta ke Lokoja, ta hana tafiyar dare a kan ruwa, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa ƙarfe 6 na safe. Doka ce mai kyau, kuma ba wani mai hankali da zai ja da ita. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙasar Pategi ta Jihar Kwara cikin watan Yuni na 2023 ba, inda jirgin da ya kwaso 'yan biki ya kife cikin duhu, mutum fiye da 100 suka riga mu gidan gaskiya. Haka kuma ranar 1 ga Oktoba 2024 wani jirgin ya kife da dare a Gbajibo ta ƙasar Mokwa, ɗauke da masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu.

To, amma fa idan aka ce wa matuƙi kada ya yi tafiya da dare, an ce masa ya kwana ke nan. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, a ina zai kwana? Wa zai tsare masa jirgi da kaya? Ina fasinjojinsa za su sa haƙarƙarinsu?

Mutumin da ke zaune a Kano ko Zariya zai iya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Amma ga mutumin Abbare ko Kunini ko Jalingo, wanda ke da ɗan'uwa ko gona ko ciniki a ƙasar Karim Lamido, ba ƙarama ba ce. Hanyarsa ta kusa ita ce ya gangara Lau ya shiga jirgi ya ƙetare. In ba haka ba sai ya yi dogon zagaye ta gadar Numan. Ƙauyukan da ke jere a gaɓar kogin kuwa, da dama daga cikinsu idan damina ta kankama ba su da wata hanya sai ruwa. A kan ruwan ake kai shinkafa da masara da busasshen kifi kasuwa, a kansa ake kai mai naƙuda asibiti, a kansa ake kai amarya. Ranar Asabar 28 ga Oktoba 2023, jirgin da ya taso daga kasuwar Mayo Ranewa ta ƙasar Ardo Kola, ɗauke da mutum sama da 100 zuwa Binnari a ƙasar Karim Lamido, ya kife a tsakiyar Binuwai. Aka tsamo gawarwaki, wasu da yawa kuma aka yi ta nema. Waɗannan mutane kasuwa suka ci, gida suke son komawa, ba wani abu ba.

Kowa ya san yadda kasuwar ƙauye take. Ba ta cika sosai sai bayan azahar, ciniki ba ya faɗawa sai la'asar, mai bin bashi ba ya samun kuɗinsa sai an kusa tashi. Kafin a gama lodi rana ta yi ja. A nan ne matuƙi zai tsaya ya yi lissafi. In ya tashi, awa biyu ko uku cikin duhu ya isa gida. In ya kwana, ga buhunan mutane a fili ba rumfa, ga injin da ya ci bashi ya saya yana rataye a gindin jirgi, ga mata da yara ba makewayi ba wurin kwanciya, ga sauro, ga fasinja suna ta yi masa tsiya kowa na cewa shi gobe yana da uzuri. Sau da yawa abin da ke rinjayarsa ke nan ya ja igiyar inji. Ba ina wanke shi ba ne. Cewa nake yi dokar da ta hana shi tafiya ba ta tanadar masa masauki ba.

Abin mamaki, a dā kwanan jirgi a Binuwai sananniyar sana'a ce mai ƙa'idojinta. Kogin nan ya taso daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru, ya yi tafiyar kilomita kamar 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lokoja, kuma ba a taɓa ratsa shi a yini ɗaya ba. A 1854 wani jirgi mai tururi da ake kira Pleiad, a ƙarƙashin Likita William Baikie, tare da Samuel Ajayi Crowther a ciki, ya hauro kogin har ƙasar Muri. Abubuwa biyu suka fi damun matafiyan nan, neman itacen da za su ƙona a tukunyar jirgi, da fargabar kada ruwa ya janye ya bar su a kan yashi. Wannan fargabar ce ma ta sa suka juya. Daga baya Kamfanin Neja, wanda Ingila ta ba izinin mulki da ciniki a 1886, ya kafa tashoshinsa a wurare irin su Ibi, jiragensa suna hawa suna sauka.

Akwai ma wani kwanan jirgi da ya shiga tarihin Jalingo kanta. A 1892 wani hafsan Faransa mai suna Louis Mizon ya hauro Binuwai da jirage biyu, sai ɗaya ya kafe a kan yashi a ƙasar Muri. Wasu masana tarihi suna ganin da gangan ya bari hakan ta faru don ya sami dalilin zama. Ko ma dai yaya ne, zaman da ya yi ne ya ba shi damar ƙulla yarjejeniya da Sarkin Muri Muhammadu Nya, ya taimaka masa da igwa aka ci garin Kona a ƙarshen shekarar, kuma a 1893 Sarki ya kafa Jalingo. Watau birnin da ya zama hedkwatar Jihar Taraba a 1991, akwai hannun yashin Binuwai a cikin kafuwarsa.

A zamanin Turawa da farkon samun 'yancin kai, jiragen kamfanonin ciniki irin su UAC da John Holt sukan taso daga Burutu da Warri idan ruwa ya kawo, su ja manyan kwale-kwalen ƙarfe cike da gishiri da siminti da yadi da mai, su tsaya Makurɗi, Ibi, Lau, Numan, Yola, har Garwa a Kamaru, su juyo da gyaɗa da auduga da riɗi. Watanni kaɗan ne kawai na tsakiyar damina ake samun wannan dama, saboda haka kowace kwata, watau inda jirage ke tsayawa, takan cika maƙil, kuma akwai shaguna na ajiya da masu gadi da ma'aikatan da aikinsu ke nan su san jirgin da ya shigo da wanda ya fita. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse wannan ciniki, hanyoyin mota suka ƙwace kayan, aka kammala madatsar Lagdo a Kamaru a 1982, manyan jirage suka daina zuwa. Shagunan suka rushe. Mutanen kogi kuwa ba su tafi ko'ina ba, sai ma ƙaruwa da suka yi, kuma inji ya sa jiragensu na katako suka ƙara girma da gudu.

Bari mu ɗan tsaya a kan yadda ake kwana da jirgi, domin a nan ne ilmin yake, kuma a nan ne nake ganin samarin matuƙa na yanzu suka fi buƙatar su zauna gaban dattawa.

Abu na fari, hancin jirgi yakan fuskanci inda ruwa ke fitowa. Jirgin da ya ba igiyar ruwa gefensa, duk abin da kogi ya ɗauko cikin dare, kututture ne ko tarin ciyawa, a cikinsa zai daka, kuma ciyawar da ta taru a jikin igiya nauyinta kaɗai ya isa ya tumɓuke turke. Na biyu, sha'anin anga, watau ƙarfen nan mai ƙugiya da ake jefawa ƙasan ruwa. Mutane da yawa suna zaton nauyinsa ne ke riƙe jirgi. Ba haka ba ne. Abin da ke riƙewa shi ne ƙugiyar ta nutse cikin yashi ko laka, kuma ba za ta nutse ba sai in jan da ake yi mata a kwance yake. Shi ya sa matuƙan teku suke sakin igiya mai tsawon ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwan, su kuma sa guntun sarƙa daga wajen angar don ta danne igiyar ƙasa. In zurfin wurin gaba biyu ne, igiya gaba goma ko fiye ke nan. Wanda ya jefa dutse ko tsohon ƙarfen mota da gajeriyar igiya ya je ya kwanta, bai ɗaure jirgi ba, ajiye shi kurum ya yi.

Sa'an nan ga halin kogin kansa. Teku tana cika tana janyewa kamar sau biyu a yini, kuma an san lokutanta har an buga su a littafi. Binuwai ba ta da littafi. Ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan tsaunukan da ke ciyar da Kogin Taraba ko Faro ko Gongola, kai kana nan ko ɗigo ba ka gani ba, cikin dare ruwa ya iso maka. Wanda ya ɗaure jirginsa tamau da gajeriyar igiya a jikin turke na ƙasa-ƙasa, in ruwa ya hau sai igiyar ta ja hancin jirgi ƙasa, ruwa ya shiga. In kuma lokacin janyewa ne, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sai gari ya waye a tarar da jirgi zaune daram a kan yashi da lodinsa, sai an sauke kaya kaf kafin a tura shi, in ma katakon bai buɗe ba. Dattawan masunta sukan kafa ɗan kara a daidai bakin ruwa da magariba, su duba shi bayan lisha, su sake dubawa da tsakar dare. Wannan kara ya fi agogo amfani a bakin kogi. Haka nan ba sa ɗaure jirgi a ƙarƙashin doguwar gaɓa wadda ruwa ke ci ta ƙasa, domin irinta ce ke zaftarewa ba sallama, kuma sukan kauce wa mashigar dorina, don da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta son ta dawo ta tarar an tare mata hanya.

Duk wannan a wurin da ba kowa ke nan. A kwata mai cunkoso, ranar kasuwa, wahalar ta ninka. Jirage ashirin ko talatin sun jeru gefe da gefe, wannan ya ɗaure a jikin wancan, na ƙarshe can waje duk nauyinsa yana kan igiyar na farko. In hadari ya taso da iska, katako ya riƙa gugar katako, igiya ɗaya ta tsinke, sai a ga jirage uku ko huɗu sun bi ruwa da mutane suna barci a ciki. Ga jarkokin fetur a kowane jirgi, ga mai dafa shayi ya hura gawayi a na kusa, ga mai shan taba. Kuma ga wanda ya makara, yana shigowa da gudu cikin duhu, ba ya ganin komai sai ya ji karo.

Maganin wannan na ƙarshe sananne ne tun tuni. Ƙa'idojin duniya na hana karon jirage a teku, waɗanda aka amince da su a 1972, sun ce jirgin da ya jefa anga da dare dole ya kunna farar fitila wadda za a hango daga kowane gefe. Ga jirgin da bai kai mita 50 ba fitila ɗaya ta wadatar, a hango ta daga nisan mil 2 na teku. An rubuta wannan ne domin teku, amma hikimar ba ta san gishiri ko daɗin ruwa ba. A dā fitilar ƙwai ake ratayewa a kan gora. Yau ga fitila mai cajin hasken rana a kowace kasuwa. Abin da ke hana wasu kunnawa, in ka bincika, tsoro ne: fitila tana nuna wa ɓarawo inda inji yake. Ashe ke nan maganar fitila ma ta koma maganar tsaro.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a tarihin ƙasar nan, kuma bai tsaya ga ƙananan jirage ba. Manya za su tuna da rikicin siminti na 1975, lokacin da hukumomi suka yi odar siminti tan miliyan 20, alhali tashar Legas ba za ta iya sauke ko kusa da haka a shekara ba. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, wasu wata da watanni, gwamnati na biyan tarar jira, siminti na daskarewa a cikinsu. Da dare kuma ɓarayi su zo cikin kwale-kwale su hau jirgi su kwashi abin da suka ga dama, har a 1977 aka kashe kyaftin ɗin wani jirgin ƙasar Denmak a wani hari irin wannan. Gwamnati ba ta tsaya ga kafa doka ba, sai da ta gina sabuwar tasha a tsibirin Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Legas ta sami tasha saboda jiragen da ke jira na manyan 'yan kasuwa ne kuma jiran na cin kuɗin gwamnati. Jiran da ake yi a Lau ko Ibi ba ya cin kuɗin kowa sai na talaka.

Na san za a ce ai an yi aiki. An ƙaddamar da yashe Kogin Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009 zamanin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, an kuma buɗe tashar Baro a watan Janairu na 2019. Madalla. Amma waɗannan ayyuka ne na manyan jirage waɗanda ake fatan zuwansu. Ni ina magana ne a kan jiragen da suke nan yau, suna ɗauke da mutane yau.

Abin da kwatar kasuwa ke buƙata ba ya bukatar kwangilar biliyoyi. Turaku na ƙarfe ko na kankare, a kafa su hawa-hawa a kan gangaren gaɓa yadda ko ruwa ya hau ko ya sauka akwai inda za a ɗaura. Fitilu uku ko huɗu masu aiki da hasken rana a kan dogayen sanduna. Rumfa mai rufin kwano, ɓangaren mata dabam, da makewayi da rijiya. Ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe inda matuƙi zai kai injinsa da jarkokin mansa a ba shi takarda, ya karɓa da asuba. Wannan ɗaki kaɗai ya kashe tsuntsu biyu, ya hana sata, ya kuma raba fetur da wuta. Ƙananan hukumomi suna karɓar haraji a waɗannan kasuwanni kowane mako, ƙungiyoyin matuƙa ma suna karɓar nasu a kan kowane lodi. Ba laifi ba ne a tambaya ko nawa ne daga ciki yake komawa bakin ruwa.

Wanda zai riƙe wannan tsari kuwa ba sai an ɗauko shi daga Abuja ba. Kusan kowane garin bakin kogi yana da Sarkin Ruwa ko shugaban masunta, ko cikin Jukunawa ne, ko cikin Kabawa da sauran Hausawan da su ya kawo su Binuwai tun kakanni. Shi ya san matuƙin da ke shaye-shaye, ya san jirgin da katakonsa ya ruɓe, ya san inda yashi ya koma bana, don yashin Binuwai ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Ma'aikacin hukuma mai rigar sarki yana iya zuwa ranar kasuwa ya yi kashedi ya koma gari kafin magariba. Sarkin Ruwa a nan yake kwana. In aka ba shi littafi ya rubuta jirgin da ya kwana da yawan mutanensa, aka ba shi ikon hana tashi bayan ƙarfe 6, aka kuma tsaya masa idan wani mai uwa a gindin murhu ya nemi taka shi, dokar za ta sami ƙafafu. In kuma an bar shi da rawani kawai, to sai dai a ci gaba da zuwa ta'aziyya.

Akwai kuma batun labarin ruwa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 bisa ƙididdigar hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. A duka biyun an ambaci sakin ruwa daga Lagdo, kuma madatsar Dasin Hausa da aka shirya ginawa a Adamawa don ta tare wannan ruwa ba a gina ta ba. Hukumar kula da al'amuran ruwa ta ƙasa takan ba da sanarwa idan Kamaru za ta buɗe madatsar, kamar yadda ta yi a watan Satumba na 2024. Sai dai sanarwar da aka karanta da Turanci a gaban 'yan jarida a Abuja, kafin ta isa kunnen mutumin da ke kwance cikin jirgi a Lau, ruwan ya riga ta. Gidajen rediyon Jalingo da Yola da Makurɗi za su iya ware minti biyar kowace yamma, da Hausa da Fulatanci da Jukunanci, su faɗi ko kogi hawa yake ko sauka, da kuma nawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura mu fasinjoji, don mu ma da namu. Mu ne muke tsaya wa matuƙi a ka muna cewa ya tashi, mu ne muke kiransa matsoraci in ya ce gari ya yi duhu, mu ne kuma muke ƙin sa rigar kariya muna cewa zafi. 'Yan kasuwa da hakimai za su iya taimakawa ta wajen matso da lokacin tashin kasuwannin bakin kogi, a ce daga la'asar an daina lodi, wanda bai gama ba ya san kwana ya kama shi, ya zo da tabarmarsa da gidan sauro tun daga gida. Masu biki da masu shirya Mauludi a ƙauyukan ƙetare su ma su sa kwanan baƙi cikin lissafinsu, kamar yadda suke sa shinkafa da nama, domin yawancin manyan asarorin nan a hanyar biki ko kasuwa ko taron addini suka auku.

Damina in ta ja baya hazo zai sauko, kuma a cikin hazon hunturu ko da hantsi matuƙi ba ya hango gaɓar ƙetare sosai, balle da asuba. Saboda haka ƙarfe 6 na safe da doka ta ambata ba ta nufin a tashi ko ana gani ko ba a gani. Wannan ma Sarkin Ruwa ne ya kamata ya yanke, ya leƙa kogi ya ce a tashi ko a dakata. Majalisun ƙananan hukumomin Lau da Karim Lamido da Ardo Kola da Gassol da Ibi suna iya fara kafa turakun nan da rani, lokacin da ruwa ya janye gaɓa ta bushe, tun kafin ruwan Yuli ya rufe wurin.